Kulastarmu ta shekara tana aiki, ta yaya zan sa ta riƙa ƙara injuna da kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a cikin garin Katsina, mu ke riƙe da shafin rajista da biyan kuɗin makaranta na wasu makarantu masu zaman kansu a Katsina da Daura. Kulastarmu ta Kubernetes, wato tarin injunan da manhajojinmu ke gudana a kansu, tana kan EKS na Amazon, injuna shida ne nau'in m5.xlarge, ta haura shekara tana aiki. Duk farkon zango sai shafin ya cushe, fododi, wato kwafin manhajojinmu da ke gudana a injunan, su maƙale a Pending suna jiran wuri, in tashi cikin dare in ƙara injuna da hannu. Sauran watanni kuma injunan suna zaune, muna ta biyan dala. Oga ya ce a saka abin da zai riƙa ƙarawa da ragewa da kansa. Wanne zan ɗauka, Cluster Autoscaler ko Karpenter? Kuma zan iya sakawa ba tare da na rushe abin da ke tafiya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Za ka iya, ba sai ka rushe komai ba, kuma sakawar kanta ba za ta ci maka yini guda ba. A yanayin da ka bayyana Cluster Autoscaler nake ba ka shawara, dalilin yana nan tafe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarar nan da kulastar ta yi a kan injuna shida da ba su taɓa motsawa ba. Manhajojinku sun saba da cewa injin da suka kwana a kansa shi za su tarar da safe, kuma sun tara ɗabi'un da ba za ka gani ba sai ranar da aka fara zare inji a ƙarƙashinsu. Gyaran waɗannan ɗabi'u shi ne ainihin aikin, kuma ka ware masa mako biyu ko uku.

Da yawa sun ɗauka Cluster Autoscaler yana duba yadda injuna suka ɗau zafi ne, in CPU ya kai kashi tamanin sai ya ƙaro wani. Sam ba ya kallon wannan. Duk daƙiƙa 10 yana leƙawa ya ga ko akwai fod da mai rabon wuri na Kubernetes ya rasa inda zai ajiye shi. In ya samu, sai ya tambayi kansa: in na kawo sabon inji irin na rukuni kaza, wannan fod zai shiga? In zai shiga, sai ya umarci Auto Scaling Group, wato mai riƙe da adadin injunan rukunin a Amazon, ta ƙara adadi. Lissafin gaba ɗaya kuwa da lambobin da ka rubuta a layin requests na kowace kwantena da ke cikin fod yake yinsa, wato abin da fod ya ce a keɓe masa na CPU da memori. Haka yake yi wajen ragewa: injin da jimillar abin da aka nema a kansa ta gaza rabin ƙarfinsa, kuma fododinsa za su samu wuri a wasu injuna, in ya yi minti 10 a haka sai a kwashe su a kashe shi. Karpenter ma da waɗannan lambobin yake aiki.

Ka je tasha ka tsaya kusa da ɗan kamashon da ke lodin Kano. Kujerun da aka biya yake ƙirgawa. Wanda ya biya kuɗin mutum biyu a gaba, ko da siriri ne, gaba ta cika. Yaron da aka shigo da shi ba a biya masa ba, ko ya danne mutane har suna nishi, ba ya cikin lissafi. Sai ya ga fasinja a tsaye da kuɗinsa a hannu babu kujera, sannan ya kira mota ta gaba.

To ka buɗe fayilolinku ka duba. Ina kyautata zaton za ka tarar da iri biyu. Akwai kwantenonin da ba a rubuta musu requests ba kwata-kwata. Su a wurin mai rabon wuri nauyinsu sifili ne, zai yi ta jibga su a kan injuna har memori ya ƙare, tsarin ya fara kashe su ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa Cluster Autoscaler yana zaune shiru domin babu fod ko ɗaya a Pending. Akwai kuma waɗanda wani ya rubuta musu CPU biyu da memori 4Gi tun ranar farko don tsoro, alhali ko kashi ɗaya cikin goma ba sa ci. Waɗannan su ne za su sa a yi ta sayo maka injunan da ba ka buƙata, kuma su hana a rage. Ba zan yi mamaki ba in Pending ɗin da ke tashe ka cikin dare daga irin waɗannan yake fitowa, injunan suna da sauran ƙarfi amma a takarda sun cika.

Maganin shi ne awo. In akwai metrics-server, umarnin kubectl top pods zai nuna maka abin da ake ci a wannan lokacin, amma hoton lokaci ɗaya bai isa ba. In kuna da Prometheus ko CloudWatch, koma baya ka dubi makon farkon zangon da ya wuce, shi ne gaskiyar nauyinku. Akwai kuma Vertical Pod Autoscaler, wanda in ka saita updateMode ɗinsa a Off ba ya taɓa komai, shawarar lambobi kawai yake bayarwa. Memori ka rubuta shi kusa da ƙololuwar da aka taɓa kaiwa, domin in ya ƙare kisa ne. CPU kuwa ka rubuta shi kusa da abin da ake ci yau da kullum, domin in ya yi ƙaranci jinkiri ne kawai. Sannan ka sa LimitRange a kowane namespace na kulasta, don wanda ya manta bai rubuta ba a ba shi wani kaso na asali. Ka kuma sani m5.xlarge yana da CPU 4 da memori 16GiB a takarda, amma abin da EKS ke bar wa fododi na CPU 3920m ne, daga ciki kuma aws-node da kube-proxy da duk wani DaemonSet na tattara rahoto za su ɗebi nasu a kowane sabon inji. Fod da ya nemi CPU 4 cif ba zai taɓa shiga irin wannan inji ba, ko guda ɗari aka kawo.

Ba ka faɗa mini wa ke ƙara fododin ba. In da hannu kake ƙara su, to mai ƙara injuna ba shi da abin yi sai ka farka. Horizontal Pod Autoscaler shi ne mai ganin cunkoso, duk daƙiƙa 15 yana dubawa ya ƙara kwafi, sababbin kwafin su rasa wuri, sannan a kawo inji. Shi ma kason da yake aunawa daga requests yake ɗaukarsa, don haka lamba ɗaya in ta karkace, duka biyun sun karkace.

Yanzu gwajin da nake ɗora wa kowa kafin in yarda ya saka komai. Zaɓi lokacin da shafi ya yi sanyi, ka ɗauki inji ɗaya cikin shidan ka yi masa kubectl drain da hannunka, wato ka kwashe fododin da ke kansa, kana kallon shafin a wata taga. In zuciyarka ta buga da jin wannan, to ka tuna abin da kake shirin sakawa haka zai riƙa yi sau da yawa a mako, da rana tsaka, ba tare da ya tambaye ka ba. Duk abin da ya karye a gwajin nan, gara ya karye kana zaune a gabansa.

Abu na farko da yakan karye a irin shafinku shi ne fayiloli. Hotunan fasfo na ɗalibai, takardun haihuwa da iyaye suka ɗora, rasit ɗin da aka buga: in manhajar tana ajiye su a diskin injin ta emptyDir ko hostPath, ranar da injin ya tafi sun tafi, babu mai dawo da su. Ka mayar da su S3, ma'ajiyar fayiloli ta Amazon, tun yanzu. Haka bayanan shigar mutane, in a memorin fod suke zaune, duk sanda aka ɗage fod ɗin za a fitar da uba yana tsakiyar cike fom, ya koma ya fara daga farko a shagon kafe yana biyan kuɗin lokaci. Wurinsu Redis ne ko rumbun bayanai. Cluster Autoscaler a saitinsa na asali yana ƙin kashe injin da ke ɗauke da fod mai ajiya a diskin gida, haka fod ɗin da aka tayar shi kaɗai ba Deployment ko wani mai kula a bayansa, haka wasu fododin kube-system da ba su da PodDisruptionBudget. Wannan kariya ce, amma ita ce kuma dalilin da za ka ga wata ya ƙare ba a rage inji ko ɗaya ba. Wanda ka tabbatar abin da ke diskinsa na wucin gadi ne, sa masa alamar cluster-autoscaler.kubernetes.io/safe-to-evict da ƙimar true. Kada ka kashe kariyar ga kowa da kowa don gaggawa.

PodDisruptionBudget shi ne inda kake gaya wa kulasta kwafi nawa za a iya ɗagewa a lokaci guda. Duk manhajar da iyaye ke taɓawa ta zama tana da kwafi biyu aƙalla, a watse a injuna daban da topologySpreadConstraints, a ba ta maxUnavailable 1. Tarkon da ke nan shi ne manhaja mai kwafi ɗaya da aka rubuta mata minAvailable 1. Ba za a taɓa iya ɗage ta ba, injinta zai zauna har abada, kuma ranar da za ka ɗaga sigar kulasta ita za ta tsayar da kai.

Wurin da nake so ka fi daɗewa shi ne biyan kuɗi, domin nan ne haƙƙin mutane yake. Idan za a ɗage fod, Kubernetes yana aika masa siginar SIGTERM, ya jira daƙiƙa 30 a saitin asali, sannan ya kashe shi da ƙarfi. Ka yi tunanin mai POS a Ƙofar Ƙaura ya biya wa wata uwa kuɗin 'ya'yanta uku, an cire kuɗin, kamfanin karɓar kuɗi irin Paystack ko Remita ya turo saƙon tabbatarwa, fod ɗinku ya karɓa yana tsakiyar rubutawa a rumbun bayanai sai aka kashe shi. Kuɗi sun fita, shafi ya ce ba a biya ba, washegari a mayar da yara gida daga bakin ƙofar makaranta. Uwar nan ba ruwanta da kulasta, abin da ta sani shi ne ta biya. Saboda haka manhajar ta koyi jin SIGTERM: ta daina karɓar sabon aiki, ta ƙarasa na hannunta, sannan ta fita. Ka sa ɗan jinkiri na daƙiƙa kaɗan a preStop, don mai raba zirga-zirga ya gama cire fod ɗin daga jerinsa kafin ya rufe ƙofa. Ka sa readinessProbe na gaskiya, don kada a turo wa sabon fod mutane tun bai gama tashi ba. Kuma wurin da ke karɓar saƙon tabbatarwa ya zama ko sau uku aka turo saƙo ɗaya, sau ɗaya zai rubuta, tare da wani aiki da ke bi lokaci-lokaci yana tambayar kamfanin karɓar kuɗin matsayin duk biyan da ya maƙale. Ko babu mai ƙara injuna wannan wajibi ne, zuwansa dai zai sa buƙatar ta riƙa tasowa kullum.

Daga nan sai hanyar sadarwa, inda akwai abubuwa biyu da ke kama mutane ba zato. Wasu bankuna da kamfanonin tura saƙon tes ba sa amsa kira sai daga adireshin IP da aka yi musu rajista. In injunanku suna sashen hanyar sadarwa na fili, wato public subnet, kowanne da adireshinsa, kuma adiresoshin nan shida aka kai wa banki, to inji na bakwai zai zo da baƙon adireshi a ƙi shi, ka ga biya yana wucewa wani lokaci yana faɗuwa wani lokaci, ka rasa dalili. Injuna su koma sashen ɓoye su riƙa fita ta NAT Gateway mai tsayayyen adireshi, shi za a yi wa rajista. Tunda NAT ana cajinsa bisa yawan bayanan da suka bi ta cikinsa, kuma kowane sabon inji sai ya sauko da ƙunshin manhajojinku daga ECR, ma'ajiyarsu a Amazon, ka buɗe VPC endpoint na S3, wanda nau'insa na gateway kyauta ne, yawancin nauyin saukowar ta nan zai bi. Na biyu, a EKS kowane fod yana cin adireshi ɗaya daga sashen da injinsa yake. Sashe mai girman /24 adireshi 251 kawai za ka iya amfani da su, domin Amazon tana riƙe biyar. Shi m5.xlarge yana ɗaukar fod har 58, kuma kowane inji yana kama wasu adiresoshi ya ajiye tun kafin a buƙata. Ka yi lissafin inda za ka kai in injuna sun ninka. In adireshi ya ƙare, inji zai zo lafiya, fododi su maƙale a ContainerCreating, kuɗi na tafiya aiki bai tafi ba.

Diskin EBS a shiyya ɗaya yake zaune, wato Availability Zone ɗaya daga cikin na yankin Amazon da kuke, ba ya tsallakawa. In kuna da fod mai irin wannan diski kuma rukunin injunanku ya ratsa shiyya uku, ana iya kawo sabon inji a shiyyar da ba ta da amfani gare shi. Ga masu diski ka yi rukuni ɗaya a kowace shiyya, ka kunna balance-similar-node-groups, StorageClass ya zama WaitForFirstConsumer. Ka kuma leƙa Service Quotas ka ga adadin CPU na On-Demand da aka yarje wa asusunku a yankin da kuke, ko Ireland ne ko Landan ko Cape Town da aka buɗe a 2020. Ƙarin yana bin neman izini, wani lokaci ba nan take ake amsawa ba.

Wata magana da za ta iya rushe duk shirin: ka tabbata ba rumbun bayanai ne ke shaƙewa ba. In PostgreSQL ko MySQL ne ya gaji, ƙara fod ƙara masa nauyi ne, domin kowane sabon kwafi yana buɗe nasa layukan haɗi. Fod ashirin kowanne da layi goma sun zama ɗari biyu, shi kuwa PostgreSQL a saitinsa na asali ɗari yake karɓa, a RDS kuma, wato rumbun bayanan da Amazon ke kula da shi, iyakar tana bin girman memorin injin. Kafin zangon gaba ka sa PgBouncer ko RDS Proxy a tsakani, ka dubi tambayoyin da suka fi jan lokaci. Sau da yawa index ɗaya a teburin biyan kuɗi ya fi injuna huɗu amfani.

Sakawar kanta ga yadda take. Rukunin injuna da EKS ke kula da shi yana zuwa da alamomin da Cluster Autoscaler ke nema a jikin Auto Scaling Group, wato k8s.io/cluster-autoscaler/enabled da wadda ke ɗauke da sunan kulastarku. In kun haɗa rukunin da kanku, sai ka sa su. Ka yi masa IAM role nasa shi kaɗai, ta IRSA ko ta EKS Pod Identity da ta fito a ƙarshen 2023, da izinin duba rukunoni, da SetDesiredCapacity, da TerminateInstanceInAutoScalingGroup, waɗannan biyun a ɗaure su da alamar kulastarku don kada ya taɓa rukunin wani aiki. Kada ka liƙa izinin a role ɗin injuna, in ka yi haka kowane fod a kulasta zai iya kaiwa ga ikon kashe inji. Ka saka shi da Helm, sigarsa ta dace da sigar Kubernetes ɗinku, in kuna 1.31 shi ma na 1.31. Tunda kulastar ta haura shekara, duba sigarta ma: EKS tana tallafa wa kowace siga wata 14 a kan santi 10 a awa, in ta wuce ta shiga tsawaitaccen tallafi kuɗin ya koma santi 60, ninki shida ke nan, kuma akwai masu biyansa ba su sani ba. In akwai wata doka a jikin Auto Scaling Group da ke ƙara inji bisa zafin CPU, cire ta, direba biyu ba sa riƙe sitiyari ɗaya. In rukunin yana da nau'in inji fiye da ɗaya, su zama masu CPU da memori iri ɗaya, domin da siffar ɗaya daga ciki yake yin lissafinsa. In kuma da Terraform kuka gina, sa desired_size cikin ignore_changes. In ba haka ba, ranar da wani ya gyara wani ɗan abu ya tura, Terraform zai mayar da adadin shida alhali ana kan goma a tsakiyar rajista.

Iyakar sama kuwa ba kai kaɗai za ka yanke ta ba, ku zauna da oga. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda bil ɗin dala ke kumbura ko ba a ƙara komai ba. Ku ɗauki kuɗin inji ɗaya a awa, ku ninka da adadin da kuke tunani, ku ninka da awa 730 na wata, ku juya shi naira, ku tambayi kanku ko kamfani zai iya biya in abin ya maƙale a sama wata guda. Domin yana iya maƙalewa: kuskure a manhaja da ke cin CPU ba dalili, ko wasu na'urori da ke ta kwankwasa shafin shiga, duk za su sa a yi ta ƙara fod, injuna su bi. Lambar max ita ce birkinka. Ka haɗa da AWS Budgets ya riƙa turo gargaɗi zuwa wayar mutum biyu. Injunan da kun san ba za a taɓa sauka ƙasa da su ba, ku saya musu Savings Plan na shekara ɗaya, amma sai bayan kun ga inda adadin ya tsaya, kada ku ɗaure kanku a kan shida.

Akwai abin da wannan na'ura ba za ta iya ba, gara ka gaya wa oga tun yanzu. Daga lokacin da fod ya rasa wuri zuwa lokacin da inji ya tashi, ya shiga kulasta, ya sauko da manhaja, ya fara amsa mutane, mintuna ne. In makaranta ta tura wa iyaye saƙo cewa yau ake rufe rajista, kowa ya hau waya bayan sallar isha'i, mintunan nan su ne lokacin da shafin zai faɗi. Amma ku kuna da gatan da masu shafin labarai ba su da shi: kun san ranakun cunkosonku tun kafin su zo, jadawalin zango yana hannunku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin a buɗe, ɗaga minReplicas na manhajojin gaba, injuna za su zo da kansu su jira. In kana so ya zama bisa agogo, KEDA yana da hanyar yin hakan, sai dai ka lura da shiyyar lokaci, ka rubuta masa Africa/Lagos. Wata dabarar ita ce fododin riƙon wuri, waɗanda ba sa komai sai neman CPU da memori, a ba su PriorityClass ƙasa da sifili amma ba ƙasa da -10 ba. In fod na gaske ya zo sai a kore su ya zauna nan take, su kuma su faɗa Pending su jawo sabon inji. Gwargwadon inji ɗaya na irin wannan ya ishe ku a makon rajista. Ka kuma tuna da azumi, in ya faɗo cikin zango lokutan hawan mutane suna komawa dare da bayan sahur, lokacin da ka saba ɗauka shafi yana barci.

Sai maganar Karpenter. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amazon ta fitar da shi a ƙarshen 2021, ya kai siga 1.0 a Agustan 2024. Ba ya bi ta Auto Scaling Group, yana duba fododin da ke jira ya zaɓo musu girman injin da ya dace kai tsaye daga EC2, ya fi sauri, kuma yana tattara fododi daga injuna masu sarari ya musanya babban inji da ƙarami. Wannan ƙwazon shi ne ya sa nake cewa ka jinkirta shi. Zai riƙa motsa fododinku fiye da yadda Cluster Autoscaler zai yi, a saitin asali kuma kowane inji yana da wa'adin awa 720, kwana 30, sannan a sauya shi, in ma ka bar zaɓin AMI, wato tsarin aikin da ake ɗora wa sabon inji, a latest to duk sanda sabo ya fito zai bi injuna ya canza. Kai kaɗai ne a kan aikin nan kamar yadda na fahimta, manhajojinku iri ɗaya ne, nau'in inji ɗaya ya ishe su. Ribar Karpenter tana fitowa ne in ayyuka sun bambanta, wasu masu cin memori wasu masu cin CPU, ko in kana so ka ci arahar Spot, inda Amazon ke karɓe injinta da gargaɗin minti biyu. Aikin buga sakamakon jarrabawa da tura saƙonni zai iya zama a Spot, biyan kuɗi kuwa ban yarda ba tukuna. Ranar da ka koma gare shi, duk gyaran da na lissafa yana nan da amfaninsa. Abin da za ka ƙara shi ne NodePool mai limits, da EC2NodeClass mai ɗaurarren AMI, da layin SQS na karɓar gargaɗin Spot, da dokar hana motsi a makon rajista, wadda agogonta UTC ne, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Ka bar ƙaramin rukuni na inji biyu inda shi Karpenter da CoreDNS za su zauna, domin bai kamata ya zauna a injin da shi zai iya kashewa ba, ka kuma sauke Cluster Autoscaler don kada su biyu su sayo inji saboda fod ɗaya.

Ranar fara aiki ka zaɓe ta a tsakiyar zango, lokacin da ba rajista ba jarrabawa, a wurin da kake da wuta da intanet da ba za su yanke maka a tsakiya ba. Ka bar min, wato iyakar ƙasa, a shida, max a tara ko goma, ka sa wa tsofaffin injunan alamar cluster-autoscaler.kubernetes.io/scale-down-disabled don sababbi kaɗai zai iya kashewa. Sai ka tayar da Deployment na gwaji mai kwafi talatin, kowanne yana neman CPU ɗaya, ka yi kubectl describe pod a kan wanda ke jira. In ka ga TriggeredScaleUp, ya ji. In ka ga NotTriggerScaleUp, dalilin yana rubuce a gefensa, ko an kai max, ko fod ɗin ya fi ƙarfin injin, ko wata ƙa'idar wuri ta hana. Ka ɗauki agogo ka auna mintunan da sabon inji ya ɗauka, wannan lambar ita za ta gaya maka yawan riƙon wurin da kake buƙata. Goge gwajin, ka jira kamar minti 20 ka ga sun tafi. Abin da yake tunani a kowane lokaci yana cikin ConfigMap mai suna cluster-autoscaler-status a kube-system, sunan fod ɗin da ya hana a kashe inji kuma yana cikin rahotonsa. In mako biyu sun wuce lafiya, cire alamar daga tsohon inji ɗaya, sauke min zuwa biyar, ka duba biyan kuɗin ranar ko akwai wanda ya maƙale, sannan ka sake saukewa. Kada ka sauka ƙasa da uku, ɗaya a kowace shiyya. In ka gama awon requests ɗin, turo mini lambobin manhajar biyan kuɗi da ta rajista mu duba tare kafin ka taɓa min. Allah ya taimaka.